Ina Waɗanda Suka Gama Mastas Ɗin Suke?

Makon jiya aka yi wa wani ƙanena walima a Mabera. Ya kammala digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara a wata jami'a ta nan Arewa. An ci an sha, ana ta sa masa albarka. Can sai wani kawunmu, wanda hawan jinin ido ya makantar shekaru da dama, ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryar yaron ya ce, "To ɗana, wanga karatu naka, mi shika yi ma irinmu?"

Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai a kanku ma na yi binciken."

Bai yi ƙarya ba. Kundinsa a kan yadda ɗaliban sakandare ke kallon masu buƙata ta musamman ne. Ya raba takardun tambayoyi, ya tattara, ya kai wa mai kwamfuta ya fitar masa da alƙaluma, ya kare kundin aka tafa masa. Amma da na ja shi gefe na matsa masa, sai ya ce har ya gama bai taɓa zama da makaho ko gurgu ko kurma ɗaya ba a matsayin mai ba shi shawara. Na ce abokan karatunka fa? Ya buɗe zauren WhatsApp na ajinsu yana bin suna ɗaya-ɗaya. Mafi yawa malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati masu jiran takardar ta ɗaga su zuwa mataki na gaba. Wasu sun bari a tsakiya. Wanda yake aiki da nakasassu kuwa, bai nuna mini ko ɗaya ba.

Ga ra'ayina tun kafin a yi nisa. Sakkwato tana buƙatar digiri na biyu na musamman a kan farfaɗo da rayuwa, wato horar da mai ba da shawara wanda aikinsa shi ne mayar da wanda nakasa ko doguwar jinya ko ƙwaya ta kayar cikin sana'a da iyali da jama'a. Amma ban yarda a buɗe shi ba sai da sharaɗi: duk shekara sashen ya fito fili ya faɗi nawa suka shiga, nawa suka gama, cikin shekara nawa, kuma wane aiki suke yi yanzu. Wannan sharaɗin ya kamata ya hau har kan digirorin ba da shawara da ake da su tun yanzu.

Aikin da ya tsaya a ƙofar asibiti

Da wuya a sami garin Arewa da ya tara wuraren da ke buƙatar irin wannan ma'aikaci kamar namu. Muna da Asibitin Noma tun 1999, inda ake ɗinke fuskokin yaran da cutar noma, mai cin naman baki da fuska, ta cinye, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014. Muna da asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware. Akwai Amanawa da tsohon tarihinta na jinyar kuturta, akwai sashen yoyon fitsari a asibitin Maryam Abacha, akwai asibitin ƙashi a Wamakko, ga kuma makarantar A.A. Raji ta makafi da kurame da guragu. Ga 'yan gudun hijira daga Sabon Birni da Isa da Rabah, cikinsu akwai masu raunin harsashi da waɗanda abin da suka gani ya hana su barci.

Kowanne daga cikin wuraren nan yana da iyakar aikinsa, kuma iyakar yawanci ita ce ranar sallama.

Akwai wani ɗan kabu-kabu a unguwarmu da mota ta buge, aka yanke masa ƙafar dama ƙasa da gwiwa. Likitoci sun yi nasu, ciwo ya warke sarai, masu gashi, wato masu motsa gaɓɓan majinyata, sun koya masa dogara sanda. Ya dawo gida. Dokin ƙofar zaurensu ya fi ƙarfin keken da wani bawan Allah ya ba shi, sai an ɗaga shi. Masai na tsuguno ne, kuma babu wanda ya yi tunanin a kafa masa ko da ƙarfen kamawa. Babur ɗin dama ba nasa ba ne, balas yake kaiwa, mai shi ya aiko aka ɗauki abinsa. Makon farko gidan ba masaka tsinke saboda 'yan dubiya, kowa da ledar lemo da 'yar ɗari biyar. Da aka kwana biyu ƙafa ta ɗauke. Sai iyayen matar suka fara aike, wai ta zo ganin gida. Shawara ɗaya tak ya samu mai kama da tsari, daga wani tsohon gurgu da ya gaya masa wace mahaɗar titi ta fi samu da kuma ƙarfe nawa ake fita.

Yau a can yake zama. Mutum ne da ya iya kwance injin babur ya mayar, hannuwansa biyu lafiya lau, shekarunsa ba su kai arba'in ba.

Abin da ya rasa ba magani ba ne, ba kuma wa'azin haƙuri ba, wannan ya sha shi har ya ƙoshi. Ya rasa mutumin da zai zauna da shi tun yana kan gadon asibiti ya tambaye shi me ya iya, ya je ya ga gidan kafin a sallame shi, ya zauna da matar da surukai ya gaya musu abin da zai canza da abin da ba zai canza ba, ya san inda ake yin ƙafar roba da abin da take ci, ya je ya roƙi wani mai garejin babura ya ba shi benci a gefe, sannan ya dawo bayan wata uku ya ga ko abin ya ɗore. Wannan shi ne aikin. Ana koyonsa, yana da ƙa'idoji, kuma ba a kan allo ake iya shi ba.

Haka matar da aka yi wa ɗinkin yoyon fitsari. Ana gaya mata ta ƙaurace wa miji na wasu watanni, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za ta yi. To wa zai je ƙauyen ya faɗa wa mijin da uwarsa ta yadda za su ji?

Yadda masu abin suke auna shi

A Amurka wannan sana'a ta samo asali ne daga sojojin da suka dawo da nakasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1920 aka yi dokar da ta faɗaɗa shirin koya wa nakasassu sana'a zuwa farar hula, a 1954 kuma gwamnati ta fara ba jami'o'i kuɗi su horar da masu ba da shawara na wannan fanni. Yau hukumar CACREP ce ke tantance irin waɗannan digirori. Tana wajabta wa ɗalibi awa 100 na gwajin farko da awa 600 na koyon aiki a fili, 240 daga ciki gaba da gaba da masu neman taimako. Kuma tana wajabta wa kowane sashe ya wallafa a shafinsa na intanet, duk shekara, adadin waɗanda ya yaye, kason da suka kammala, kason da suka ci jarrabawar lasisi, da kason da suka sami aiki.

Ba don Amurka ta yi na kawo wannan ba. Na kawo ne don a ga cewa tambayar da nake yi ba rashin kunya ba ce ga malaman jami'a. A wani wuri, kafin ɗalibi ya biya ko kwabo, yana ganin amsar a rubuce.

Mu a nan abin da mai neman shiga yake gani shi ne sanarwar sayar da fom da lambar biyan kuɗi. Shirin da aka ce na shekara biyu ne, kowa ya san wanda ya shekara huɗu ko biyar a ciki, tsakanin yajin aiki da jiran mai duba kundi ya karanta babi na uku. Kowa ya sani a baki, amma ba a rubuta shi inda mai shirin sayen fom zai gani.

"Jami'a ba ofishin ɗaukar ma'aikata ba ce"

Wannan ita ce amsar farko da malamai ke bayarwa, kuma tana da ƙanshin gaskiya. Wanda ya yi digiri na biyu a tarihin Daular Usmaniyya ko a nahawun Larabci, ba za a auna ilminsa da albashi ba. Na yarda.

Amma ba da shawara ba irin wannan karatu ba ne. Sana'a ce ta hannu da baki, kamar aikin jinya. Tun 1988 masu gashi da takwarorinsu ke da hukumar da ke yi musu rajista, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara. Da zarar ka ce kana horar da mutum don sana'ar da doka ta san da ita, to dole a tambaye ka ko ya iya, ko kuma yana yi. Makarantar koyon jinya da ɗalibanta ba su taɓa shiga ɗakin marasa lafiya ba, wa zai kai 'yarsa?

Kuma ban ce jami'a ta samar wa kowa aiki ba. Na ce ta ƙirga ta faɗa. Idan cikin ashirin da suka gama biyu ne kawai ke aikin da aka koya musu, wannan labari ne da gwamna da 'yan majalisa ke buƙatar ji, ba sirrin da za a ɓoye ba.

"To ai babu gurbin aikin"

Wannan ta fi ƙarfi. Idan ka duba tsarin aikin gwamnati za ka ga likita, nas, mai gashi, jami'in jin daɗin jama'a, malamin makaranta. Wanda ya fito da wannan sabon digiri, a wane layi za a sa shi? Idan babu amsa, zai koma ajin da ya baro, da ƙarin girma da sabon laƙabi.

Shi ya sa nake ganin kada jami'a ta yi wannan tafiya ita kaɗai. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe tana ba da digiri na biyu a jagoranci da ba da shawara a ƙarƙashin tsangayar ilmi, kuma irin wannan horo a ko'ina cikin ƙasar nan ya fi karkata ga makaranta: zaɓen darasi, tsoron jarrabawa, tarbiyyar ɗalibi. Tushe ne mai kyau. Idan ita ko jami'ar jiha za ta ɗora sabon reshe a kai, to ta zauna da gwamnatin jiha tun farko a rubuta cewa kowane ɗaya daga asibitocin da na lissafa zai sami gurbi ko biyu.

Kuɗin fa? A zamanin gwamnatin Wamakko jihar nan ta fara biyan nakasassu alawus na wata, naira 6,500 a lokacin, daga baya aka ƙara. Abu ne mai kyau, kuma kada a taɓa shi. Amma abin da nake so in ji ana sanarwa tare da adadin masu karɓa shi ne adadin waɗanda suka daina buƙatarsa saboda sun kama sana'a. Albashin ma'aikata goma sha da za su yi wannan aiki bai kai komai ba idan aka kwatanta da abin da ake rabawa a shekara. Hukumar zakka da waƙafi ma tana raba jari da kekunan ɗinki. Keken ɗinkin da ba a bi sawunsa ba, sau da yawa a kasuwa yake ƙarewa kafin wata ya zagayo, ba don mai shi mugu ne ba, don yunwa ba ta jiran ya ƙware.

Akwai kuma dokar hana nuna wariya ga nakasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. Doka ba ta kai kanta ofis. Sai an sami wanda zai ce wa shugaban ma'aikata ga makaho mai digiri, ga manhajar da ke karanta masa rubutun kwamfuta, ga aikin da zai iya yi maka daga gobe.

"Muna da dangi, muna da malamai"

Akwai masu cewa wannan tsarin mutanen da ba su da zumunci ne. Mu ɗan'uwa ba ya yar da ɗan'uwansa.

Gaskiya ne dangi ke ɗauke da kusan dukkan nauyin, musamman mata. Amma duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki shekara guda ya san inda ƙauna ke ƙarewa gajiya ta fara. Kuma mun ga abin da ke faruwa idan dangi suka rasa inda za su. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka tarar da ɗaruruwan maza da yara, wasu da mari a ƙafa. Bayan 'yan makonni aka sake ganin irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙinsu suke yi ba, har kuɗi suke biya. Yaro ya lalace da ƙwaya, an yi addu'a, an yi duka, an yi kuka, babu wata ƙofa sai wannan.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kimanin miliyan 3 a Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Asibiti zai iya wanke jinin yaro daga tiramadol cikin makonni. Ranar da ya dawo unguwa, majalisar da ya bari tana nan, dilan yana nan, zaman banzan yana nan.

Batun addini kuwa, ni a ganina yana gefenmu ne. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ladanci aka ba shi, kuma an sha barin Madina a hannunsa. Aiki aka ba shi, ba ƙoƙon bara ba. Mai ba da shawarar da ya san garin nan ba zai yi gasa da liman ba, tare za su shiga gidan. Zai kuma fara gaida Sarkin Makafi da Sarkin Guragu kafin ya taɓa komai, don su suka san mutanensu ɗaya-ɗaya.

Alƙaluma ma ana dafa su

Ga inda ni kaina nake taka-tsantsan. Idan aka kwafo teburin alƙaluman Amurka yadda yake, za mu yaudari kanmu. Mafi yawan masu yin digiri na biyu a nan da aikinsu suka zo. Sashe zai iya rubuta cewa kashi 90 na ɗalibansa suna da aiki, bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi komai ba. Dole a raba: wa ya zo da aiki, wa ya samu bayan ya gama, kuma cikin duka biyun wa yake zama da masu nakasa ko masu jinya a aikinsa na yau da kullum. Malamin da ya koma makarantarsa aka ba shi kula da ɗalibai kurame, a lissafa shi. Wanda ya koma teburin da ya baro, a rubuta hakan.

Sannan akwai ma'aunin da ya fi wannan, wanda ba ya cikin teburin. Maimakon kundin takardar tambayoyi, a ba kowane ɗalibi mutum huɗu ko biyar ya bi su shekara guda da yardarsu, ya buɗe wa kowa fayil. Me aka tarar, me aka tsara, me ya yiwu, me ya gagara, saboda me. Ranar kare kundi a tambaye shi labarin waɗannan mutane. Idan yarinyar da aka ɗinke wa fuska ta koma makaranta, a faɗa. Idan ta ƙi fita daga ɗaki har yau, wannan ma ilmi ne, kuma ya fi amfani ga ɗalibin baya fiye da jadawalin "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba".

Wannan yana nufin ba za a iya ɗaukar mutum ɗari ba. Goma ko goma sha biyar sun isa. Na san a nan za a yi tsaki, domin ba ɓoyayyen abu ba ne cewa karatun gaba da digiri na cikin hanyoyin da jami'o'i ke samun kuɗin shiga. Sai dai aji ƙarami da za a iya bin sawunsa ya fi babba da ba a san inda ya watse ba. Masu dubawa kuma ba sai an je nesa ba: akwai masana halayyar ɗan'adam da jami'an jin daɗin jama'a a Kware, akwai masu gashi a asibitin koyarwa, Jami'ar Jos tana da sashen ilmin masu buƙata ta musamman da kimiyyar farfaɗowa, Bayero tana da nata sashen, ga kwalejin ilmi ta musamman a Oyo tun 1977. Bin sawun waɗanda suka gama kuma ba ya buƙatar tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Lambobin wayarsu suna cikin fayil, ma'aikaci ɗaya da katin waya zai gama cikin mako.

Hukumar NUC mai kula da jami'o'i, wadda ke ƙirga littattafan laburare da yawan malamai masu digiri na uku idan ta zo tantancewa, za ta iya ƙara wannan a cikin abin da take nema.

Saura layi ɗaya da nake so a gani a teburin: ɗalibai nawa ne masu nakasa suka shiga shirin, nawa suka gama. Wanda ya yi rayuwa a keken guragu ya san abubuwan da ni da kai sai an gaya mana, kuma ɗan kabu-kabun da aka yanke wa ƙafa zai fi sauraron mai ƙafar roba. Amma idan ajin yana bene na biyu, babu mai fassara da maganar hannu, babu takardun darasi a rubutun makafi ko a fayil da waya za ta karanta, to za su shiga su fita ba a sani ba, a ce ba su jure ba. Dokar 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Duk sashen da zai koyar da wannan fanni ya sauko da ajinsa ƙasa, ya sa albashin mai fassara a kasafinsa, sannan ya buga sanarwar fom.